Jiri Uku a Kai Ɗaya: Nazarin Lamarin Wata Mai Sayar da Waakye a Aboabo

Wata ranar Talata cikin watan Mayu, damina ta zauna a Kumasi, aka shigo mini da wata dattijuwa mai shekara 58. 'Yarta na riƙe da hannunta na dama, ita kuma tana dafa bango da na hagu. Na sakaya sunanta. Hajiya ake ce mata a layinsu na Aboabo, inda ta haura shekara 20 tana sayar da waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake, don haka ni ma Hajiya zan kira ta a nan. Tun kafin ta zauna wuyanta ya ɗauki hankalina. Ba ta motsa shi ko kaɗan. In za ta dubi gefe sai ta juya jikinta gaba ɗaya, kamar wadda ta ɗauko tulu cike da ruwa ba gammo.

"Sannu Mma. Me ke tafe da ke?"

"Jiri ne, ɗana. Wata huɗu ke nan ya hana ni sakat."

'Yar ta zazzage wata baƙar leda a kan teburina. Akwai amlodipine na miligiram 10, wanda Hajiya ta shekara shida tana sha saboda hawan jini. Akwai bendroflumethiazide, maganin hawan jini mai sa fitsari, da aka ƙara mata wata biyu da suka wuce. Ga cinnarizine, maganin jiri, da take sha sau uku a rana, ga kwalba biyu na maganin ƙarin jini, ga kwalin maganin maleriya da ta shanye. Abin da bai shiga leda ba 'yar ta faɗa da baki: an sha rubutu, an yi hayaƙi, domin wasu a gida sun ce iska ce, wasu sun ce jifa ne daga wajen abokan sana'a. Ban yi mamaki ba. Ciwon da ke kayar da mutum yana cikin salla, ya kuma sake shi kafin a kawo ruwa, dole mutane su yi masa irin wannan fassara.

Tambayoyin da suka buɗe ƙofa

Hausa tana da jiri, tana da juwa, tana da hajijiya. A littafi kowace da gurbinta, hajijiya ita ce wadda duniya ke zagaya mutum kamar yaron da ya yi ta katantanwa ya tsaya. A bakin marar lafiya kuwa duk sukan zama abu ɗaya. In ka matsa wa mutum ya kwatanta maka yadda yake ji, zai ba ka amsa ɗaya da safe, wata dabam da yamma, kuma ba ƙarya yake yi ba. Shi ya sa na daina ɓata lokaci a kan "yaya kike jin sa". Abin da nake bi shi ne yaushe yake zuwa, me ke tayar da shi, kuma yaya daɗewarsa.

Hajiya ta ce ya fi kama ta a sujada da ɗagowa daga ruku'u, har ta koma salla a zaune tana nuni da kai kaɗan. Yana kama ta da dare in ta juya ɓangaren dama a kan gado, shi ya sa yanzu take kwana a jingine da filo uku. Yana kama ta in ta ɗaga kai za ta sauko da kwano daga saman kanta. Da na tambayi daɗewarsa, 'yar ta riga ta amsawa, ta ce wuni guda. Na ce a bar Hajiya ta faɗa.

"Mma, in ɗakin ya fara juyawa kika tsaya cak, kafin ki karanta Fatiha sau biyu ya tsaya ko bai tsaya ba?"

Ta yi shiru, laɓɓanta na motsi. "Ba ya kai biyu. Tashin zuciyar ne ke wuni da ni."

Wannan amsar ta rage mini hanya ƙwarai. Hajijiyar da ke ɗaukar ƙasa da minti ɗaya, wadda sauya matsayin kai ke kunnawa, tana nuni ga ciwo guda sananne. Da ta ce minti 20 zuwa awa 12, tare da toshewar kunne da ƙara a cikinsa, da na yi tunanin cutar Meniere, wadda likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861. Da ta ce tana zuwa da ciwon ɓarin kai da ƙin haske, da na karkata ga jirin da ke bin wannan ciwon kai, mai iya ɗaukar minti 5 har zuwa kwana uku. Babu ko ɗaya. Ba ta ganin abu biyu-biyu, harshenta bai yi nauyi ba, hannu ko ƙafa bai taɓa mutuwa ba, ba ta taɓa suma ba. Na tambaya ko an taɓa yi mata allurar gentamicin ko streptomycin, masu iya lalata kunnen ciki, ko ta sha kwinin. Ba a yi ba.

Sai ta ambaci wani abu da na rubuta a takarda amma ban ba shi nauyinsa ba a ranar. Ta ce abin ya faro ne cikin hunturu, a watan Janairu, bayan wata mura. Ta tashi da asuba ɗaki na juyawa ba tsayawa, ta yi kwana uku tana amai, ko ido ba ta iya buɗewa. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti, aka ce maleriya ce, aka sa mata ruwa. Bayan mako biyu ta miƙe. Wannan na sujada daga baya ya zo.

Gado da hannu biyu

Jininta a zaune 142 bisa 86. Bugun zuciya daidai yake. Na leƙa kunnuwa biyu, dodon kunne lafiya, ba ruwa ba datti. Na kaɗa ƙarfen nan mai yatsu biyu na ɗora mata a tsakiyar goshi, ta ce tana jin ƙarar a tsakiya. Idanunta ba sa rawa in tana zaune, suna bin yatsana sumul. Ta taɓa hancinta ta taɓa yatsana ba kuskure. Ta tsaya ƙafa haɗe, ido rufe, ta ɗan yi tangaɗi amma ba ta faɗi ba. Na so in yi gwajin fizgar kai, sai dai wuyanta a sandare yake saboda tsoro, na haƙura. Gwajin jini ya nuna himogulobin 12.4, ba maleriya, suga daidai. Wato kwalaben ƙarin jinin nan kuɗi ne kawai suka tafi.

Saura gwajin da na san zai yi magana. Margaret Dix da Charles Hallpike ne suka tsara shi a Landan a 1952, kuma har yau ba ya buƙatar komai sai gado da hannu biyu. Na tabbatar ba ta da ciwon ƙashin wuya. Na yi mata bayani dalla-dalla, domin abin da zan yi shi ne in tsokano abin da ta yi wata da watanni tana gudu.

"Ɗana, so kake ka kashe ni?"

"A'a Mma. Ki riƙe hannuna. Abu ɗaya nake roƙo, kome ya faru kada ki rufe ido."

Na zaunar da ita a gado, na juya kanta digiri 45 zuwa hagu, na kwantar da ita baya da sauri har kanta ya ɗan zarce bakin gado ya rataya. Na ƙirga sakan 40. Shiru. Na tashe ta, ta huta. Na juya kan zuwa dama, na sake kwantar da ita. Sakan ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba komai, har 'yar ta fara sakin numfashi. A na biyar Hajiya ta ƙwalla salati ta damƙe rigata. Idanunta suka fara fizga sama suna murɗawa zuwa kunnen dama da ke ƙasa, abin ya yi ƙarfi, ya lafa, ya ɗauke cikin kamar sakan 20. Na kira 'yar ta matso ta gani da idonta, domin shaidar ɗan gida ta fi bayanin likita tasiri in an koma gida.

Ga abin da ke faruwa. Can cikin ƙashin da ke bayan kunne, kusa da katantanwar da muke ji da ita, akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, kowane yana fuskantar nasa ɓangaren: na gaba, na baya, da na kwance. In kai ya juya, ruwan ya motsa, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari, ƙwaƙwalwa ta juya ido daidai gwargwado don kada abin da ake kallo ya kuɓuce. A gindin bututun akwai wata 'yar jaka da ake kira yutirikul, cikinta da wasu ƙananan tsakuwoyi na sinadarin alli, irin na ɓawon ƙwai, waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu su gaya wa jiki ina ne ƙasa. In suka ɓalle daga mazauninsu sai su gangara cikin bututu, galibi na baya domin shi ne ya fi zama ƙasa. Daga nan duk sanda aka sunkuya ko aka kwanta, sai su mirgina su ja ruwa, kunne ya ce kai na juyawa alhali yana tsaye. Jinkirin sakan biyar ɗin nan lokacin da tsakuwar ke ɗauka ne kafin ta fara gangarawa, ɗaukewar kuma lokacin da ta kai ƙasa ta kwanta. Likitoci na kiran ciwon BPPV. Yadda idon Hajiya ya yi rawa ya faɗi bututun da kuma kunnen: na baya, a dama. Da idon ya fizga ƙasa, ko ya fara nan take ya ƙi tsayawa, da maganar ta tashi daga kunne ta koma ƙwaƙwalwa.

Maganinsa a kan gadon nan yake. John Epley, likitan kunne a Amurka, ya wallafa hanyar a 1992. Na mayar da ita yadda ta kwanta kai na dama, na jira rawar idon ta wuce na ƙara rabin minti. Na juya kan a hankali zuwa hagu, na jira. Na mirgina ta a kan kafaɗar hagu har hancinta ya kalli ƙasa, nan ta sake yin salati, na ji daɗi, domin alama ce tsakuwar na tafiya gaba. Sannan na zaunar da ita haɓa a ƙirji, ina riƙe da kafaɗunta. Bayan minti 15 na maimaita gwajin. Ido bai motsa ba. Na ce ta daina cinnarizine, ta rage filo, ta dawo bayan mako guda.

Na sallame ta ina jin kaina. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Dawowa ta biyu

"Jirin na nan, ɗana."

Zuciyata ta ce tsakuwar ce ta koma. Na kwantar da ita dama, na kwantar da ita hagu, na kuma juya kanta gefe da gefe tana rigingine don in duba bututun kwance, domin wani lokaci tsakuwa kan fita daga wannan ta faɗa wancan. Ko gezau idon bai yi ba. Sai na koma tambayoyin farko, waɗanda ya kamata in ƙure su tun ranar. Ta ce ai na sujada ya tafi, tana salla a tsaye kwana biyar ke nan. Wannan dabam ne. In ta tashi daga kujera 'yar tsugune a gaban murhu, ko ta miƙe daga gado ƙarfe uku na dare za ta ɗora wake, sai idonta ya yi duhu, ƙafafu su saki, ta nemi abin dafawa. Ɗaki ba ya juyawa. In ta koma ta zauna sai ya wuce.

Na kwantar da ita minti biyar na auna: 138 bisa 84. Ta miƙe, bayan minti ɗaya 112 bisa 72, bayan minti uku 114 bisa 74, tana cewa ga shi nan ya zo. Ƙa'ida ita ce in na sama ya faɗi da 20 ko na ƙasa da 10 cikin minti uku da tsayuwa, jini na faɗuwa ke nan in an miƙe. Nata ya faɗi da 26.

Da muka bi sawu, labarin ya fito. Wata rana hajijiya ta kayar da ita, aka ruga da ita aka auna jini tana cikin firgita da amai, aka samu ya hau sosai, aka ce shi ne ke kawo jirin, aka ƙara mata maganin fitsari. Mace ce da ke tsaye gaban wuta tun dare har hantsi, gumi na zuba, ba ta shan ruwa sosai don kada fitsari ya riƙa tayar da ita daga kan tukunya. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ba na ganin laifin wanda ya ƙara maganin fiye da nawa, domin awon jini a kwance da tsaye minti takwas yake ci, kuma ledar magungunan tana gabana a ranar farko ban yi ba. Na samu abu mai kyan gani a idonta, sai na daina nema.

Mun dakatar da bendroflumethiazide, muka bar amlodipine, aka riƙa auna mata jini a unguwa sau biyu a mako ana rubutawa. Na ce ta ajiye ruwa kusa da murhu, in za ta tashi daga gado ta fara zama ta ƙirga goma. Cikin kwana goma duhun ido ya tafi, jinin ya tsaya wajen 140 bisa 85, wanda daga baya muka daidaita da wani maganin da ba ya sa fitsari.

A wannan zuwan ne ɗanta da ke Amurka ya kira a wayar 'yar. Ya turo kuɗi, yana so a yi wa mahaifiyarsa hoton ƙwaƙwalwa a gama. Na fahimce shi, wanda ke nesa kuɗi ne kawai hannunsa. Na ce masa hoton CT ba ya ganin tsakuwar kunne, ba ya ganin faɗuwar jini, kuma ko bugun jini ne, wato toshewa ko fashewar jijiyar jini, a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, shi ne wurin da CT ya fi rauni. Na faɗa masa abin da zai sa ni da kaina in tura ta MRI, hoton ƙwaƙwalwa da ya fi CT gani, ba jira: sabon ciwon kai mai tsanani, gani biyu, nauyin harshe, kasa tsayuwa sam, ko kunne ɗaya ya fi ɗaya rashin ji. Na roƙe shi ya bar kuɗin a yi awon ji da su.

Abin da Janairu ya bari

Awon jin na nema ne saboda ƙorafi na uku, wanda sai da biyun farko suka kau sannan ya fito fili. Hajiya ta ce in ta shiga kasuwar Kejetia sayen kaya, mutane na kai da kawo, aka kira ta ta waiwaya da sauri, sai kasuwar ta ɗan goce kafin ta dawo daidai. In an ɗauke wuta tana tafiya a tsakar gida da dare, sai ta ji ƙasa kamar katifa. Wannan bai yi kama da tsakuwa ba, bai yi kama da jini ba. Na buɗe takardar ranar farko na sake karanta abin da na rubuta game da Janairu.

Yanzu wuyanta ya saki, don haka gwajin fizgar kai ya yiwu. Halmagyi da Curthoys ne suka bayyana shi a Ostiraliya a 1988. Na ce ta kafa ido a kan hancina, na riƙe kanta, na fizga shi kaɗan amma da sauri zuwa hagu. Idon bai bar hancina ba. Na fizga dama, sai idon ya tafi tare da kan, sannan ya yi tsalle ya dawo. Sau biyar na yi, sau biyar ya yi tsallen. Bututun kwance na dama ba ya kai saƙo yadda ya kamata.

Na tura ta sashen kunne na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee, aka sa ta a ɗakin da ba ya shigar da ƙara, aka auna jinta daga amo mai kauri na 250 har mai siriri na 8000. Sakamakon ya nuna ji lafiya a ƙananan amo, da ɗan raguwa a masu siriri, iri ɗaya a kunnuwa biyu, irin na shekaru. Awon motsin dodon kunne ma daidai. Takarda ce mai kama da ba ta ce komai ba, amma ta rufe ƙofofi biyu. Cutar Meniere takan ci ƙananan amo a kunne ɗaya. Ƙarin da ke fitowa a jijiyar kunne yakan sa kunne ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa. Babu ko ɗaya a nan, kuma katantanwar ji ta tsira daga abin da ya faru a Janairu.

Sai gwajin ruwa. Robert Bárány ya gano shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, bayan ya lura marasa lafiya na jin jiri in ruwan da ake wanke musu kunne da shi ya yi sanyi ko zafi. Aikinsa a kan kunnen ciki ne ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1914. Fitzgerald da Hallpike suka daidaita gwajin a 1942: a kwantar da mutum a ɗaga kansa digiri 30, a zuba ruwa mai ɗumin digiri 30 sannan mai 44, wato bakwai ƙasa da bakwai sama da ɗumin jiki, na tsawon sakan 40 a kowane kunne. Bambancin ɗumin na motsa ruwan bututun kwance, ido ya yi rawa. Ruwan sanyi na kora fizgar ido zuwa ɗaya gefen, mai ɗumi na jawo ta gefen da aka zuba. Amfaninsa shi ne yana tambayar kowane kunne shi kaɗai. Inda akwai na'ura, tabarau mai kyamara ke auna saurin idon. Mu da ma'aunin zafi da agogo muka yi, kamar yadda masu shi suka fara, muna hutawa minti biyar tsakanin zubi da zubi. Sharaɗinsa dodon kunne ya kasance ba huji, kuma a daina maganin jiri aƙalla kwana biyu, wanda ita ta yi makonni da dainawa.

A hagu idon ya yi rawa har sakan 120 da ruwan sanyi, 110 da mai ɗumi, Hajiya tana cewa a kawo roba za ta yi amai. A dama 60 da 55, tana hira da 'yarta. In aka yi lissafin, kunnen dama ya gaza da kashi 33 cikin ɗari, alhali abin da ya haura 25 ana ɗaukarsa rauni ne na gaske.

Nan labarin ya haɗu wuri ɗaya. Abin da ya kwantar da ita kwana uku a hunturu harin jijiyar daidaito ta kunnen dama ne. Jijiyar reshe biyu ce. Na sama na kula da bututun gaba, da na kwance, da jakar tsakuwa. Na ƙasa na kula da bututun baya. Irin wannan hari ya fi faɗa wa reshen sama, sai jakar ta lalace ta zubar da tsakuwarta, su gangara cikin bututun baya, wanda shi lafiyarsa ƙalau kuma yana iya kai ƙara. Shi ya sa kunne ɗaya ya ba mu amsa biyu masu kama da saɓani: ya yi kururuwa a kan gado, ya yi kasala da aka zuba masa ruwa. Lindsay da Hemenway sun bayyana wannan jerin a 1956, su kuma toshewar wata 'yar jijiyar jini suka ɗora wa laifin. Ƙwayar cuta bayan mura da toshewar jijiya sawu iri ɗaya suke bari, don haka a mace mai hawan jini na ɗauki kula da jinin a matsayin wani ɓangare na maganin kunnen.

Ranar da ta fi haɗari a duk wata huɗun nan ita ce ta Janairu, kuma ta wuce ba wanda ya duba idonta. Mai shekara 58 da hawan jini, hajijiya ba tsayawa, amai, kasa tafiya: bugun jini a ƙaramar ƙwaƙwalwa haka yake zuwa, wani lokaci ba tare da mutuwar hannu ko karkacewar baki ba. Akwai gwaji uku na ido da ake yi a bakin gado, ana kiransu HINTS: fizgar kai, duba ko rawar ido na sauya gefe in an sauya kallo, da rufe ido ɗaya bayan ɗaya a ga ko wani na gyara tsayinsa sama ko ƙasa. A binciken Kattah da abokansa na 2009 a kan mutum 101, gwajin ya kama duk masu bugun jini, alhali MRI na kwana biyun farko ya kuskure kashi 12 cikin ɗari. Ƙwararru ne suka yi shi, kuma yana aiki ne kawai ga wanda ke cikin hajijiyar a lokacin, idonsa na rawa. Abin da kan rikita sabon likita shi ne fizgar kai mai nuna rauni ita ce mai kwantar da hankali, domin ta nuna kunne. Wadda ta fito lafiya a mutumin da duniya ke juya masa ita ce abin tsoro. Hajiya ta yi sa'a nata kunne ne.

Jinya

Kunnen da ya raunana ba lallai ya dawo ba, amma ƙwaƙwalwa na koyon aiki da abin da ya rage, muddin an bar ta ta ga kuskuren. Hajiya ta hana ta wannan damar ta hanya biyu ba da saninta ba: ta ƙame wuya wata huɗu, tana kuma shan cinnarizine kullum. Irin wannan magani na kwana biyu ko uku ne lokacin amai. In ya daɗe yana danne tsarin da ake so ya farfaɗo, yana sa gyangyaɗi, a tsofaffi har yakan kawo rawar hannu da nauyin jiki.

Motsa jikin da na ba ta asalinsa aikin Cawthorne da Cooksey ne tun shekarun 1940. Muka liƙa wata takarda mai babban harafi a bango. Ta zauna ta kafa ido a kan harafin tana girgiza kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, minti ɗaya, sannan sama da ƙasa, sau uku a rana, tana ƙara sauri muddin harafin bai dushe ba. Bayan mako guda ta koma yi a tsaye, daga nan tana tafiya a tsakar gida tana waiwaye, 'yar na gefenta. Na gaya mata zai ɗan tayar da jiri, kuma wannan ɗan jirin shi ne aikin. Na ce a sa fitila mai caji a hanyar banɗaki, domin wanda kunnensa ya raunana da ido yake cike giɓin, duhu kuwa na ƙwace masa shi.

Bayan mako shida ta zo ita kaɗai a trotro, ƙaramar motar haya. Fizgar kai zuwa dama har yanzu na nuna ɗan tsallen ido, amma ta je Kejetia sau uku ba ta dafa kowa ba. Bayan wata huɗu hajijiyar sujada ta dawo, abin da na riga na gaya mata yana iya faruwa. Wannan karon ba ta biya shagon magani ba, washegari da safe ta zo, ta hau gadon da kanta ta juya kai dama tana jirana. Zagaye biyu na Epley suka kawar da ita. Jininta ranar 134 bisa 82 a kwance, 128 bisa 80 a tsaye. Na rubuta mata ranar dawowa bayan wata uku, ta ce in dai ba Juma'a ba ce, don ranar ce cinikinta ya fi yawa.